Shugabannin Ƙasa da Albashin Ma'aikata: Daga Udoji zuwa Dokar 1981

Wanda duk ya bi tarihin shugabannin Nijeriya zai tarar cewa ra'ayinsu game da ma'aikaci yana tafiya ne da farashin man fetur. In mai ya yi daraja, ma'aikaci ɗan lele ne. In ya faɗi, sai a shiga yi masa wa'azin haƙuri.

Mu fara da Janar Gowon. A 1972 ya naɗa hukumar Jerome Udoji don ta gyara tsarin aikin gwamnati, ta kuwa miƙa rahotonta a 1974, lokacin da kuɗin mai ke kwarara. Gyaran aikin bai je ko'ina ba. Abin da aka ɗauka shi ne ƙarin albashi, aka kuma biya shi a 1975 tare da ariyas na watanni. Kuɗi suka cika hannu alhali kaya ba su ƙaru a kasuwa ba, tsada ta haura kashi 30 cikin 100 a wannan shekara. Manomin Unguwar Tudu a ƙasar Gwarzo, wanda ba ya cikin takardar albashin kowa, bai ga Udoji ba sai a bakin mai sayar da gishiri da kananzir.

Janar Obasanjo kuwa tsari ya sa gaba. A ganinsa, ƙungiyoyin ƙwadago barkatai fitina ce, saboda haka a 1978 ya harhaɗa su zuwa 42 ƙarƙashin uwa ɗaya, watau NLC. Da wannan ido ya dubi ciniki da banki. Dokar 1977 ta ƙara wa 'yan ƙasa hannun jari a kamfanonin baƙi, a shekarar kuma Babban Banki ya tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara. Niyya ce mai kyau, amma fa banki ba ya ba da rance sai da jingina, gonar gado kuwa galibi ba ta da takarda. Sai reshen ƙauye ya zama wurin tara ajiyar talaka, rancen ya tafi birni.

Abin ban mamaki shi ne, uwar ƙungiyar da soja ya gina don ta yi ladabi, ita ce ta tsaya wa Shugaba Shehu Shagari a wuya. A ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta nemi Naira 300 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Shagari mutum ne mai son sulhu, yana kuma tsoron maimaita Udoji, don haka ya yi ta jan ƙafa. Ga kuma matsin siyasa daga nan Kano, inda Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, sa'an nan ya ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, tun gwamnatin tarayya ba ta yi ba. A watan Mayun 1981 ma'aikata suka yi yajin aiki na gama-gari, aka daidaita a kan Naira 125, aka mai da shi doka. Ba a cika shekara ba mai ya karye, a watan Afrilun 1982 Shagari ya kawo matakan tsuke bakin aljihu, ya taƙaita shigo da kaya, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka rasa kayan aiki suka soma sallamar ma'aikata.

Sai dai akwai wani sashe na dokar 1981 da ba a cika karantawa ba, ni kuwa ina ganin shi ne zuciyarta. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba, ba ta kuma shafi aikin gona na damina ba. Watau ɗan ƙwadagon da ke noma a Kabo, da yaron shago, da tela, duk suna waje. Dokar 2019 ta rage adadin zuwa 25 kurum. Da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan Naira 70,000 a watan Yulin 2024, wannan togaciya tana nan yadda take.