Yadda mawaƙi mai zaman kansa ke cin abinci a rangadi

Mawaƙin da ba shi da babban kamfani a bayansa, da rangadi yake dogara, domin abin da Spotify da makamantansa ke biya bai taka kara ya karya ba. Ciniki iri biyu ne: ko mai zauren wasa ya yanke masa lada, ko su raba kuɗin ƙofa. A ciki zai fitar da la'adar dillalin da ya shirya wasannin, galibi kashi 10 cikin 100, da hayar mota, da mai, da masauki, da biza. Shi ya sa da an tashi za ka ga makaɗan a teburin bakin ƙofa, gumi bai bushe ba, suna sayar da riguna da faya-fayai. Sau da yawa a nan ribar take.

Asara kuwa a wuyan mawaƙin take. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, yana rangadi a Amurka sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe, sai da masoya suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansa da abokan kiɗansa.