Maƙoƙo da jinkirin haihuwa: Gwajin jinin da ma'aurata ke tsallakewa

A Kontagora, kamar sauran garuruwan Arewa, idan amarya ta shekara biyu babu goyo, sai tsegumi ya fara. Dangin miji su kawo zancen kishiya, uwa ta shiga neman rubutu da jiƙe-jiƙe. Da wuya a samu wanda zai ce a duba wuyanta.

Alhali a gaban wuya akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda likitoci ke kira tairod. Ita ce idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Sinadaran da take fitarwa, T3 da T4, su ne ke daidaita saurin aikin jiki, har da haila da sakin ƙwan haihuwa.

Idan aikinta ya yi rauni, mace kan yi fama da kasala, jin sanyi, ƙiba da rikicewar al'ada. Sinadarin nono, wato firolaktin, kan hau ya hana ƙwai fita, kuma ko ciki ya shiga yana iya zubewa. Idan aikin ya wuce kima, sai rama, zufa da bugun zuciya. Namiji ma bai tsira ba, domin matsalar kan rage ingancin maniyyi. Abin lura shi ne, tana iya kasancewa ba tare da wuya ya kumbura ba.

Gwajin farko shi ne na TSH, wanda jini kaɗan yake buƙata. Hawansa kan nuna rauni, saukarsa kuma wuce kima. Likita a Babban Asibitin Kontagora na iya rubuta shi, ko ya tura mace Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Raunin kan gyaru da ƙwayar levothyroxine sau ɗaya a rana, bisa kulawar likita.

Rigakafin kuwa yana madafa. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishiri, amma gishirin awo da ke shan rana a kasuwa kan rasa shi, rogon da bai jiƙu sosai ba kuma kan hana jiki amfana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki na buƙatar maikrogiram 250 kullum, saboda ƙwaƙwalwar jariri.

Ba kowane jinkiri ne daga tairod ba. Sai dai ma'auratan da suka shekara guda suna jira ya kamata su je asibiti tare, kafin a ɗora wa mace laifin da ɗigon jini zai iya wanke ta daga gare shi.