Malamin makarantar da ya gyara taswirar gwamnati

A tsaunukan kudancin Sikotlan, kusa da garin Moffat, akwai wani ƙaramin kwari da ake kira Dob's Linn. Baƙin dutsen da ke gefensa asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin wani teku mai zurfi, Iapetus, sama da shekara miliyan 440 da suka shige, kafin tekun ya rufe, ƙasa ta turo lakar sama.

Jami'an hukumar binciken duwatsu ta Birtaniya sun bi yankin a ƙarni na 19. Duk inda suka ci karo da baƙin dutsen, sai su ƙirga shi a matsayin sabuwar shimfiɗa, har lissafin kaurin duwatsun ya kai dubban mitoci. Haka aka buga a taswira.

Charles Lapworth, malamin makaranta a garin Galashiels, bai gamsu ba. Ya shafe shekaru yana farfasa dutsen taki bayan taki, yana tattara burbushin giraftolayit, wasu ƙananan halittun teku da sawunsu ke kama da haƙoran zarto. Kowane zamani da irin nasa, don haka suka zame masa tamkar lambar shafi. Duk wanda ya taɓa karɓar fayil ɗin da aka cusa wa kwafin takarda ɗaya sau goma zai gane abin da ya gano: shimfiɗu kaɗan ne aka nannaɗe, suna ta maimaita kansu. A 1878 ya wallafa cewa kaurin baƙin dutsen bai wuce kimanin mita 100 ba, ya kasa shi uku: Glenkiln, Hartfell da Birkhill.

Hukumar ta cancanci yabo, ko da yake ba ta yi sauri ba. Ta tura Ben Peach da John Horne suka sake auna yankin, rahotonsu na 1899 ya bi tsarin malamin.

Shi ma bai tsira daga gyara ba. A 1977 masana suka kawo bayanin cewa tsagewar ƙasa ce ta fi jawo maimaicin: an kankare lakar daga ƙasan tekun yanki-yanki, aka jingina ta a gefen nahiya. Lambobin shafin Lapworth dai ba su motsa ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka zaɓi Dob's Linn ya zama ma'aunin duniya na iyakar zamanin Silurian da Ordovician, sunan da Lapworth ɗin ya ƙirƙiro a 1879.