Dabino a Idon Masu Lambu

A ƙasar Hausa akwai itatuwa dangin juna waɗanda masana tsirrai ke sa su a gida ɗaya, wato giginya da goriba da tukurwa da dabino. Amma in ana maganar shukawa da gangan, dabino ne masu lambu suka fi ƙauna.

Dalili kuwa a fili yake. Giginya takan daɗe ƙwarai kafin ta yi 'ya'ya, ga shi kuma Bahaushe ya ce inuwarta na nesa ka sha ta. Goriba a daji take fitowa, ba mai yi mata ban-ruwa. Dabino kuwa yana jure zafi, yana barin wuri a ƙarƙashinsa a shuka kayan miya, sannan 'ya'yansa ba sa rasa kasuwa, balle da azumi.

Sai dai yana da wani hali da ke kā da mai gaggawa. Akwai namiji, akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke haihuwa. Wanda ya binne ƙwallo caca ya yi, domin kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, ba kuwa zai gane ba sai sun yi fure, bayan shekaru yana ɗawainiya. Shi ya sa gwanaye, kamar na Dutse da Bilma, kan cire ɗan da ya tsiro a gindin mace mai zaƙi su dasa, don ba ya saɓa wa halin uwarsa. Maza kaɗan ake bari, saboda a ɗebi furensu a yi barbara da hannu.