Taki da Iri: Yadda Lambun Bayan Ɗaki Yake Riƙe Tukunyar Gida

Duk wanda ya ratse daga Tashar Yari ya bi ta Makarfi zuwa Ikara a watan Fabrairu zai ga kwandunan tumatir jibge a bakin hanya suna jiran mota, ga rake an jingine dami-dami, ga barkono an shanya ya yi jawur. Daga nan ake ɗora tukwanen miya a Kaduna da Abuja har Legas. Amma ka dawo a watan Yuni ka leƙa madafin manomin da ya loda waɗancan kwanduna. Sau da yawa za ka tarar uwargida ta aiki yaro ya sayo tumatir ƙwaya uku, ko ɗan ƙullin busasshiyar kuɓewa. Noman fadama na kasuwa ne, yana da watanninsa, in sun wuce sai baɗi. Abin da yake riƙe tukunyar gida a sauran shekara shi ne ɗan filin nan na bayan ɗaki, taku biyar ko shida, inda zogale yake tsaye a kusurwa, kabewa tana hawan danga, ga alayyahu da rama da yakuwa da lalo da kuɓewa. Mafi yawanci mata ne da shi, kuma ko wadda ba ta fita tana iya kula da shi ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Wannan ɗan lambu abu biyu ne ke ɗauke da shi, taki da iri, kuma duka biyun a cikin gida ake samunsu idan an san yadda suke aiki.

Mu fara da ƙasar kanta. Daga Hunkuyi zuwa Paki ruwan sama yakan sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, kimanin milimita 1000 a shekara, Agusta ce ta fi kowane wata. Sauran watannin kuwa hunturu ne da zafin bazara. A irin wannan yanayi duk ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabba da ya shiga ƙasa ba ya daɗewa, zafi da danshi suna sa ya narke cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ƙasar tudu a nan take da haske, in an yi ruwa mai ƙarfi samanta ya daskare kamar daɓe, ruwa ya riƙa gudu a kai maimakon ya nutse. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru an fara wani dogon gwaji tun 1950, aka ware filaye: wasu ana zuba musu takin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma ba komai. Da shekaru suka ja, filayen da ake ba takin zamani mai naitirojin shi kaɗai sai ƙasarsu ta riƙa yin tsami, amfani yana ja da baya, waɗanda ake haɗa musu da takin dabbobi kuwa suka riƙe ƙarfinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, kashin shanu kuwa da ƙyar yake kai kashi 2, to amma yuriya shuka kawai take ciyarwa. Takin gargajiya shi ne yake sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, ta kuma riƙe shi kansa takin zamanin kada ruwan Agusta ya wanke shi.

Kakanninmu sun san wannan ba tare da gwaji ba. Manoman kewayen Kano sun shafe ƙarnuka suna noma gona ɗaya ba hutu, saboda jakuna da mangala da suke kwaso shara da toka da kashin dabbobi daga birni zuwa gonaki a kowane rani. Sai dai akwai bambanci tsakanin juji da takin da aka dafa, kuma a nan ne lambuna da yawa suke samun matsala. Juji tari ne kawai: rana ta dake shi, iska ta busar da shi, irin ciyawa yana nan da ransa, ga shi yanzu ya cika da leda da fasassun kwalabe da matattun batura. A gona mai faɗi ana iya jure wannan. A komin alayyahu da za a tsinka a ci bayan mako huɗu, ba zan ba kowa shawarar ya zuba shi haka nan ba.

Dafa taki aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma su ma kamar mu tuwo da miya suke bukata. Tuwonsu busassun abubuwa: yankakken kara, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, da abin da ya rage bayan an matse rake a wurin masu mazarƙwaila, wanda Kudan da Makarfi ba su rasa shi. Miyarsu kuwa kashin awaki da tumaki da aka share daga turke, kashin kaji, ɗanyar ciyawa, ɓawon kayan miya. Idan busasshe ya yi yawa, tarin zai zauna wata da watanni bai motsa ba. Idan ɗanye ya yi yawa, sai ya caɓe ya yi ɗoyi, ƙudaje su taru. Kwando biyu ko uku na busasshe a kan kwando ɗaya na kashin dabbobi yakan yi daidai. Ana shimfiɗa su hawa-hawa, ana yayyafa ruwa a kowane hawa, har tarin ya kai ƙugu, sannan a rufe da tsohon buhu ko zana. Da rani rami ya fi, domin iskar hunturu tana shanye danshin tarin da ke sarari cikin kwana biyu. Da damina kuwa a tara a kan tudu, don rami zai cika da ruwa ya shaƙe halittun.

Yadda za a gane aiki na tafiya, a soka sanda har tsakiya a bar ta. Bayan kwana uku ko huɗu a zaro a taɓa. In ta yi zafi, halittun sun kama aiki. Tsakiyar tari mai kyau yakan kai digiri 60, kuma wannan zafin ne yake kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa. A damƙi takin a hannu a matse: ya dunƙule, ya jiƙa tafin hannu, amma kada ruwa ya zubo. Duk bayan mako biyu ko uku a juya shi, na gefe ya koma ciki, don iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi sanyi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Wanda ya haɗa tarinsa a Fabrairu, to ruwan shuka zai same shi a shirye.

Toka tana bukatar magana ta daban, don kusan kowa yana zuba ta a kan kashin dabbobi. Tokar murhu tana da amfani, tana rage tsamin ƙasa, tana kuma ƙara wa shuka abincin da ke taimaka mata wajen 'ya'ya. Amma idan ta haɗu da ɗanyen kashin kaji ko shimfiɗar turke mai fitsari, sai ta kori naitirojin ɗin ya bi iska. Warin nan mai hawa kai da ake ji, ƙarfin takin ne yake tafiya. Gara a ajiye toka gefe, a barbaɗa ta kaɗan a komi. Shi ma kashin kaji ɗanye yana ƙone saiwar dashe, sai ya dahu. Tumatir ko barkonon da ciwo ya kashe kuwa, wuta ce maganinsa, kada ya shiga tari. Ita gara da ake tsoro, a cikin tarin taki ma'aikaciya ce. Manoman Tawa a Nijar da na Burkina Faso suna zuba taki a 'yan ramuka da gangan don ta zo ta huda musu ƙasar da ta ƙeƙashe. A dai nisanta tarin daga danga da azarar ɗaki.

Abin da za a shuka yanayi ne yake faɗa. Tumatir ba ya son darare masu zafi, furensa zubewa yake yi, da damina kuma cututtukan ganye su taso masa. Shi ya sa hunturu ne lokacinsa, shi da albasa da karas da latas. Damina ta kuɓewa ce da rama da yakuwa da lalo da kabewa, waɗanda ba sa neman lallashi. Alayyahu kowane lokaci yana yi in akwai ruwa, kuma ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishi komi ɗaya ko buhu uku da aka cika da ƙasa da taki. Ruwan wanki mai omo ne dai ba a so. Kada kuma a maimaita kuɓewa ko tumatir a wuri ɗaya shekara da shekaru. In aka tuge shuka aka ga saiwarta ta yi ƙulu-ƙulu, wasu tsutsotsi ne 'yan mitsi-mitsi suka taru a wurin, sai a canja musu da albasa ko masara.

Sai maganar iri, wadda ta fi damuna. A da kowace tsohuwa tana da ƙulle-ƙullenta a cikin gora ko tsohuwar kwalba, ga busassun 'ya'yan kuɓewa rataye a madafi inda hayaƙi yake korar ƙwari. Yanzu da yawa sun koma sayen 'yar leda a kasuwa, kuma ba laifi ba ne, in dai an san abin da aka saya. Iri kashi biyu ne. Akwai wanda yake haifar kamarsa, kamar irin gargajiya da tumatir irin su Roma VF da UC82B, wanda manoma suke kira UTC. Akwai kuma wanda aka rubuta F1 a jikin ledarsa. Shi wannan kamfani ne ya aurar da iyaye biyu daban-daban, 'ya'yan farko suka fito bai ɗaya, masu ƙarfi da yawan haihuwa. In ka cire iri daga cikinsu ka shuka, jikokin sai su rarrabu, wani ya ɗauko kaka ta wajen uwa, wani ta wajen uba, wani dogo, wani gajere, wani ba ya jure ciwon da uwarsa ta jure. Mai noman kasuwa da ke son kwanduna masu kama ɗaya yana da hujjar sayen F1 duk shekara. Mai komi biyu a bayan ɗaki kuwa, irin da za ta iya cirewa da hannunta ya fi mata.

Cire iri shi ma yana da ƙa'ida. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cinye na farko masu kyau, a bar ragowar ƙarshen kaka a matsayin iri. Wanda ya yi haka shekara biyar, da hannunsa ya zaɓi mai jinkiri da rauni. Tun shuka tana ganiyarta ake ɗaura wa mafi lafiya tsumma, a gaya wa yara kada a taɓa, kuma a ɗauka daga tushe biyar ko shida, kada a dogara da ɗaya. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwarta. Tumatir a matse cikinsa a kofi, a bar shi kwana biyu ko uku ya yi tsami, yauƙin da ke hana tsiro ya saki, a wanke a shanya a inuwa. Tattasai kuwa in yana kusa da barkono, ƙudan zuma suna iya haɗa su aure, baɗi ki ga tattasanki ya zo da yaji. Bayan haka abokan gaban iri biyu ne, danshi da zafi. A busar da shi sosai tun hunturu, a sa a kwalba mai murfi tare da 'yar busasshiyar toka, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kwanon rufi. Irin albasa ba ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, na tumatir da alayyahu sukan kai shekara uku ko fiye.

Duk da haka kwalba ɗaya ba ta isa tsaro ba. Ɓera yana nan, gobara tana nan, ga shekarar da ruwa zai yi gardama bayan an shuka. Manoman wannan yanki ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda suka sa wa suna Sharon, ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Manyan cibiyoyi ma ba sa ajiye iri wuri ɗaya: cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda ta fi kowa tarin irin wake a duniya, ta aika da kwafin irinta zuwa rumbun Svalbard da aka buɗe a 2008 cikin wani dutse mai ƙanƙara a ƙasar Norway. Abin da mace take yi ke nan idan ta ƙulla wa ƙanwarta da ke aure a Gimi ko Likoro ɗan irin kabewa a bakin zane ranar suna. In nata ya lalace, ta san gidan da za ta aika: "Je ki ce wa Gwaggo ina gaishe ta, in da sauran irin kuɓewar nan mai jan kara ta sam mini." Kuma irin da ya yi shekaru yana zagaya gidajen gari ɗaya ya riga ya saba da ƙasar garin da ruwansa da ƙwarinsa.

Abin da zan roƙa a ƙara a kan wannan al'ada kaɗan ne. Mai bayarwa ta faɗi shekarar da aka cire irin, da ko na damina ne ko na rani, kada kuma ta bayar daga shukar da ta yi ciwo, don wasu cututtukan a jikin iri suke tafiya. Mai karɓa kuma, mako biyu kafin shuka, ta ƙirga ƙwaya 10 ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a inuwa tana yayyafa ruwa. In 8 suka tsiro bayan mako guda, irin yana da rai. In 4 ne, ta ninka abin da za ta zuba a kowane rami. In 2 ne kawai, da sauran lokacin da za ta sake aikawa gidan Gwaggo kafin ruwa ya zauna.