Ɗigon da Ya Ƙi Tsayawa

Wani dattijo a unguwar Daurawa ya rantse wayarsa ta lalace. An turo masa tafsiri na awa biyu ta WhatsApp, yana neman inda malam ya yi bayanin rabon gado, wajen minti na 47. Duk sanda ya ja ɗigon nan na kan layi, sai ya tsinci kansa a 44 ko 50. Jikansa ya goya shi a babur zuwa kasuwar waya ta Farm Centre.

Mai gyara ya fara zargin gilashin kariya, don ya tsage a gefe. Ya ɓare shi. Ɗigo bai daina tsalle ba.

"Baba, a caji take yi muku haka?" Caja mai araha takan rikita sikirin, ya riƙa taɓa kansa. Dattijo ya ce ko caji ba ya bari a yi mata yana sauraro.

Sai aka koma kan hunturu. Sikirin bai san dannawa ba, lantarkin jikin mutum yake ji, busasshen yatsa kuwa da ƙyar yake jinsa. Aka ɗan jiƙa yatsan. Yanzu ɗigo yana bin hannu sumul, amma wurin tsayawa yana nan yadda yake.

Jikan ne ya ari abin awo a rumfar. Layin bai wuce santimita 4 ba. Minti 120 a kan milimita 40: kowace milimita minti uku ke nan. Kan yatsan babban mutum ya kai kusan santimita guda, wato ya rufe rabin awa na karatu, ya kuma ɓoye ɗigon da ake son gani. Waya sai ta yi kirdadon tsakiyar inda fata ta taɓa. Kamfanin Google da kansa yana shawartar masu ƙera manhaja kada abin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9, sai ga shi ana neman dattijo ya saita milimita ɗaya.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa lambar mintin takan nuna 47 daidai, sannan ta sauya? Mai gyara ya ce, "Ku sake ja, Baba, amma kada ku ɗaga." Tana 47. "To ku ɗaga." Ta koma 44. Yatsa ba ya tashi gaba ɗaya. Yakan ɗan mirgina, gefe guda ya riga barin gilashi, tsakiyar ta gusa, waya ta ɗauka ja aka yi.

A ganina masu turo awa biyu a dunƙule su ma da nasu alhakin. A ƙarshe dai aka buɗe karatun a manhajar sauraro, aka kwantar da wayar don layin ya ƙara tsawo, aka nuna masa maɓallin tsallake daƙiƙa goma. Kuɗin sabon gilashi dai sai da Baba ya biya, tunda an riga an ɓare tsohon.