Tsohon ƙarfen magina da ke ɗakin ajiyarki

Uwargida, idan kina kakkaɓe ɗakin ajiya kika ci karo da dunƙulen ƙarfe mai siffar katantanwa, samansa da huda, ƙasansa da tsini, dakata kafin ki miƙa wa ɗan gwangwan. Ma'aunin magina ne. Ana ɗaura shi a zare a sake shi, nauyinsa ya ja zaren ya miƙe sambal, magini ya gane ko bangonsa ya karkace.

Kayan aikin ya daɗe. A 1886 an buɗe kabarin wani ma'aikaci mai suna Sennedjem a Deir el-Medina ta ƙasar Masar, aka tarar da irin wannan ma'auni cikin kayansa, shekara fiye da 3,000 ke nan. Yau da na'urar leza ta fara karɓe aikin, a Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin, suna saye suna jerawa a kabad. Abin da suke dubawa shi ne tambarin maƙeri, da tsinin da bai dakushe ba, da launin tsufa. Don haka kar ki kankare shi da soson ƙarfe wai don ya yi ƙyalli, darajarsa kike gogewa. Ɗan mai a tsumma ya isa ya tsayar da tsatsa. Amma kada ki sa rai da yawa, yawancinsu ba su da tsada. A ganina, in na kakan yaranki ne, ajiyewa ta fi sayarwa.

Yanzu bari in yi miki magana da bakin ma'aikaciyar jinya. Ba kowanne ne ƙarfe ba. Da yawa na dalma ne, ta kai ma sunansa na Turanci daga kalmar Latin ta dalma ya samo asali. Dalma kuwa ba abin wasa ba ce, mun ga yadda gubarta daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ko kaɗan ce ta shiga jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, sau da yawa ba tare da wata alama ba, ga shi mai rarrafe komai baki yake kaiwa.

Gwajin ba wuya: kawo maganaɗisu. In ya manne, ƙarfe ne. In bai manne ba, launinsa toka-toka, yana da taushin da farce ke iya yi masa zane, ki ɗauka dalma ce. Wasu na ƙarfen ma, kamar waɗanda kamfanin Starrett na Amurka ya taɓa ƙerawa, zaiba aka ɗura a cikinsu don ƙarin nauyi. In kin ji abu na motsi a ciki, kar ki bari a kwance shi.

Ko na ƙarfe zalla ne, tsinin na iya tsone ido, zaren na iya shaƙe wuya. Cire zaren, sa shi a gwangwani mai murfi, ki ɗora can saman kabad, sannan ki wanke hannu da sabulu. In kuwa kin taɓa ganin yaro yana tsotsar na dalma, kai shi asibiti ki faɗa musu, a auna jininsa.